Tambayoyi da amsoshi: kimiyyar kwantum da mafarin sararin samaniya

Waɗannan tambayoyin dai su ake ta maimaita min, wasu daga ɗalibai bayan an tashi aji, wasu kuma a majalisa da daddare in hira ta yi nisa an ɗauke wuta kowa ya ɗaga kai yana kallon taurari. Na ga gara in tattara su wuri ɗaya. Tun daga nan ina so a riƙe abu guda, a wannan fannin akwai abin da aka auna aka gani, akwai kuma abin da har yau lissafi ne a kan takarda, kuma mafi yawan gardamar da ake yi saboda an cakuɗa biyun ne. In na ce "duniya" a nan ba ƙasar da muke takawa kawai nake nufi ba, ina nufin komai da komai, taurari da gungunsu da sararin da suke ciki.

Malam, wai mene ne ma kwantum ɗin nan?

Dokokin da ƙananan abubuwa ke bi ne, irin su ƙwayar zarra da ilektiron da ƙwayoyin haske. A shekarar 1900 wani Bajamushe, Max Planck, yana neman ya fahimci hasken da ke fita daga abu mai zafi, sai ya ga lissafinsa ba zai daidaitu ba sai in ya ɗauka makamashi ba kwarara yake kamar ruwan famfo ba, ƙulli-ƙulli yake zuwa kamar yadda mai shago ke ƙulla sukari a leda, ko ka ɗauki ƙulli ɗaya ko biyu, babu rabi. Wannan ƙullin shi ne kwantum. A 1905 Einstein ya nuna shi kansa haske haka yake. Daga nan abubuwa suka yi ta fitowa, har a 1927 Werner Heisenberg ya zo da dokar da za ta fi yi mana aiki a nan: ba zai yiwu ƙwaya ta kasance da takamaiman wuri da takamaiman gudu a lokaci ɗaya ba. Mutane na ɗauka wai na'urar awo ce ba ta da kyau, a'a, haka halittar abin take. Abin da wannan ke nufi shi ne babu wani abu da zai tsaya cak ɗari bisa ɗari, ko fili ne aka kwashe komai daga ciki sai an samu 'yar karkarwa ta rage.

To me ya haɗa ƙananan abubuwa da sararin samaniya, abin da ya fi komai girma?

Ai da can ba shi da girman. A 1922 Alexander Friedmann a Rasha, sai Georges Lemaître ɗan Beljiyam a 1927, suka ciro daga lissafin Einstein cewa sarari na iya faɗaɗa, a 1929 kuma Edwin Hubble a Amurka ya auna ya ga gungun taurari suna nesanta da mu, wanda ya fi nisa ya fi gudu. To in abu yana faɗaɗa yau, jiya ya fi haka ƙanƙanta kenan, shekaranjiya ma ya fi. In ka yi ta komawa baya shekara kusan biliyan 13.8 za ka tarar duk abin da muke iya hangowa yanzu yana matse a wurin da bai kai ƙwayar zarra ba, kuma duk abin da ya kai wannan ƙanƙantar dokar kwantum ce ke mulkinsa. Shi Lemaître tun 1931 ya hango haka, ya ce mafarin duniya sai an dube shi da idon kwantum.

Big Bang ɗin, wato wannan mafarin faɗaɗar duniya, fashewa ce kamar ta bam? A ina ta faru?

Sunan ne ke ruɗa mutane. Fred Hoyle ne ya fara faɗinsa a rediyon BBC a 1949, kuma shi bai ma yarda da ra'ayin ba. Bam yana fashewa ne a cikin wani wuri, ɓaraguzai su watsu zuwa gefe. Wannan kuwa shi kansa wurin ne ke miƙewa. Ki tuna kwaɓin fanke in an sa yis an rufe, in kin barbaɗa riɗi a ciki, kowace ƙwaya za ta ga sauran suna nesanta da ita ba don suna tafiya ba sai don kwaɓin da ke tsakaninsu ne ke tashi. Don haka babu wani wuri da za a nuna a ce nan ne tsakiya. A ko'ina ta faru, har da nan inda kike zaune.

Wa ya gani? Ai babu wanda yake nan a lokacin.

Wannan tambayar tana da kyau kuma ina jin daɗi in an yi ta. Babu wanda yake nan, amma haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, hasken rana ma sai ya yi minti 8 a hanya, don haka duk wanda ya kalli nesa baya yake kallo. A farko duniya ta yi zafin da haske ba ya iya ratsa ta, kamar hazo mai kauri na tsakiyar hunturu da ba ka ganin motar da ke gabanka. Sai bayan shekara kusan 380,000 ta huce zuwa wajen digiri 3,000, ilektiron suka manne da ƙwayoyinsu, hazon ya washe, haske ya samu hanya. Wannan hasken har yau yana nan yana zuwa mana ta kowane ɓangare, sai dai faɗaɗar sarari ta ja shi ta miƙar da shi har ya koma irin zangon da ido ba ya gani, sanyinsa ya kai wajen digiri 270 ƙasa da sifili.

Ralph Alpher da Robert Herman sun yi hasashen akwai shi tun 1948. A 1964 zuwa 1965 wasu masana biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki da wata ƙatuwar eriya a jihar New Jersey, sai wata ƙara ta dame su ta ƙi tafiya dare da rana duk inda suka juya eriyar, har kashin tantabarun da suka yi sheƙa a ciki sai da suka share amma ƙarar na nan. Ashe hasken farkon duniya suka kamo. An ba su kyautar Nobel a 1978. Wanda ya san tsohuwar talabijin mai eriya, in tasha ta ɗauke sai ka ga yashi-yashi da shuuu, to ɗan kaɗan daga cikin wannan yashin daga can yake. Akwai kuma hujja ta biyu, lissafi ya ce a mintunan farko ya kamata a dafa kusan kashi 75 cikin 100 haidurojin da kashi 25 hiliyam, aka auna a tsofaffin taurari da gajimaren iskar da ke sarari aka tarar haka ɗin ne.

Na ji, amma a ina takamaimai kwantum ya shigo?

Nan ne wurin da ni dai ya fi taɓa ni a duk fannin, kuma abin haushi shi ne ba a cika maganarsa ba, an fi son a yi ta maganar "duniya daga babu".

Ka ɗauki kunu da aka dama ya yi sumul babu gudaji ko ɗaya. Da haka duniya take a farko, sumul ta ko'ina, da har yau babu tauraro babu rana babu ƙasa, domin ƙarfin ja na girabiti yana buƙatar wani wuri ya ɗan fi wani kauri kafin ya fara tara abubuwa a can. To daga ina gudajin farko ya fito? Shekara da shekaru wannan tambayar ba ta da amsa.

A wajen 1980 da 1981 Alexei Starobinsky a Rasha da Alan Guth a Amurka, daga baya Andrei Linde da wasu, suka kawo ra'ayin cewa a cikin wani ɗan guntun daƙiƙar farko sarari ya yi wani irin kumburi na fitar hankali, ya ninka aƙalla sau 1 mai sifili 26 a baya. Don ka ji girman abin, tsawon da bai wuce kashi 1 cikin miliyan na milimita ba zai koma tafiyar da haske zai shekara 10 yana yi. Sai a 1981 Viatcheslav Mukhanov da Gennady Chibisov suka lura da wani abu, wato 'yar karkarwar nan ta Heisenberg da ba ta taɓa tsayawa, wadda a kullum takan taso ta ɓace ba wanda ya sani, in kumburin ya riske ta zai ja ta ya miƙar da ita kafin ta samu damar ɓacewa, sai ta daskare ta zama wani yanki ya ɗan fi wani kauri. A 1982 aka yi wani taro a Cambridge ta Ingila, da Stephen Hawking da Guth da Starobinsky da sauransu, suka yi makonni suna lissafin har amsoshinsu suka zo ɗaya.

Kuma sun faɗi abin da ya kamata a gani kafin a gani, wannan shi ne muhimmin. A 1992 tauraron ɗan'adam na COBE ya gano tabo-tabo a cikin wancan tsohon hasken, bambancin zafi na kusan kashi 1 cikin 100,000. Wani tauraron ɗan'adam, WMAP, da aka harba a 2001 ya ƙara fito da hoton, sai tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Planck da aka harba a 2009 ya zana shi dalla-dalla. Lissafin ya ce ƙarfin tabon zai kusa zama ɗaya a manya da ƙanana amma manyan su ɗan fi kaɗan, wato wata lamba da za ta kusa 1 amma ba ta kai ba. Planck ya auna ya samu wajen 0.965. Wuraren da suka ɗan fi kauri su ne girabiti ya yi ta tarawa shekara miliyoyi har suka zama gungun taurari, ciki har da namu da rana take ciki. Wallahi duk lokacin da na zo nan a aji sai na ɗan yi shiru, ace abin da ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta shi ne aka shimfiɗa a faɗin sama.

Kenan an tabbatar da kumburin nan?

Tabon an gan shi, wannan babu gardama. Kumburin kuma shi ne bayanin da ya fi dacewa da shi zuwa yanzu, amma ba a gano ainihin abin da ya tuƙa shi ba, kuma akwai manyan masana da ke sukarsa, har da Paul Steinhardt wanda yana cikin waɗanda suka gina shi tun farko, da Roger Penrose.

Akwai wata shaida da ake nema wadda in an same ta magana ta kusa ƙarewa, wani irin murɗaɗɗen zane a cikin tsohon hasken da igiyoyin girabiti na lokacin kumburin za su bari. A watan Maris na 2014 masu na'urar BICEP2 da ke can ƙarshen kudancin duniya a kan ƙanƙara suka yi shela sun gan shi, duniya ta ɗauka. Kafin shekara ta zagayo aka haɗa awonsu da na Planck aka ga ƙurar da ke cikin gungun taurarinmu ce ta yi zanen, kamar dai ka hango wani abu ta gilashin mota mai ƙura ka ɗauka a kan hanya yake. Suka amsa a farkon 2015, aka ci gaba da nema. Yanzu haka ana neman sa daga can kudun da kuma hamadar Atacama a Chile.

Me ya faru a daƙiƙa ta sifili, farkon farko?

Nan ne ilimin da aka gwada ya tsaya. In ka bi lissafin Einstein na 1915 shi kaɗai zuwa baya, zai kai ka wani ɗigo da zafi da matsi ba su da iyaka, Penrose da Hawking sun nuna haka tsakanin 1965 da 1970. Amma in lissafi ya ba ka "ba iyaka" to yana gaya maka ne ka fita daga huruminsa. Einstein bai sa kwantum a lissafinsa ba, kwantum kuma yadda muke da shi bai iya ɗaukar girabiti mai wannan ƙarfin ba. Iyakar ana kiran ta lokacin Planck, a rubuce sifili da ɗigo sai sifili 43 sannan 5 na daƙiƙa. Kafin wannan ana buƙatar ilimi ɗaya da ya haɗa biyun, kuma duk da akwai masu neman kujerar, irin nazariyyar zare (mai cewa ƙwayoyi 'yan zaruruwa ne masu kaɗawa) da ta madauki (mai cewa shi kansa sarari ƙulli-ƙulli yake), babu wadda gwaji ya naɗa. Duk wanda ya gaya maka da tabbaci abin da ya faru a can ya wuce abin da aka auna.

Na ji ana cewa kimiyya ta nuna duniya ta fito daga babu. Gaskiya ne?

A nan nake so a nutsu sosai don kalmar "babu" ce ake wasa da ita. Gaskiya ne a 1973 Edward Tryon ya kawo shawarar cewa wataƙila duniya karkarwar kwantum ce da ta girma, hujjarsa ita ce makamashin abubuwa da na girabiti suna iya soke juna jimilla ta zama sifili. A 1982 Alexander Vilenkin ya yi lissafin cewa ƙaramar duniya na iya ɓullowa ta hanyar da ake kira ratsa katanga, wato yadda ƙwaya kan tsinci kanta a bayan shingen da ba ta da ƙarfin tsallakewa. Ita ratsa katangar gaskiya ce, George Gamow ya yi bayaninta tun 1928, da ita rana ke ci, da ita ma memorin wayarka ke ajiye hotuna. Kuma filin da aka kwashe komai yana da karkarwa, wannan ma an auna, Hendrik Casimir ya yi hasashe a 1948 cewa faranti biyu na ƙarfe in an kusanta su sosai a irin wannan filin za su ja juna, aka auna shi da kyau a 1997.

Amma duba da kyau. Filin Casimir yana da sarari, yana da lokaci, yana da dokoki. "Babu" ɗin Vilenkin ya cire sarari da lokaci amma ya bar dokokin kwantum suna aiki, shi da kansa ya yarda da hakan. To abin da ke da doka ai ba babu ba ne irin wanda ni da kai muke nufi. Sannan babu gwajin da ya tabbatar da ɗayansu a kan duniya baki ɗaya. Shawarwari ne na masu ilimi, sun cancanci a karanta su da girmamawa, amma ba a sa su layi ɗaya da tabon da COBE ya gani ba.

To kafin Big Bang fa, me ke nan?

Amsoshin da ke kan tebur sun kasu. James Hartle da Stephen Hawking a 1983 suka ce wataƙila tambayar ce ba ta zauna ba, domin a can farko lokaci kansa yana komawa kamar wani ɓangare na sarari, babu baki babu gefe, kamar mutum ya yi ta tafiya kudu har ya kai ƙarshen kudancin duniya sannan ya ce a nuna masa kudu, babu katanga a gabansa amma kudun ta ƙare. A 2017 Neil Turok da abokan aikinsa biyu suka sake lissafin suka ce duniyar da zai haifar ba za ta yi sumul irin tamu ba, Hartle da nasa mutanen suka mayar da martani, har yau ba a rufe maganar ba.

Wasu kuma, irin Martin Bojowald da Abhay Ashtekar, lissafinsu na madauki ya nuna sarari ba ya matsuwa fiye da wani ƙima, in ya kai nan sai ya yi tsalle ya koma faɗaɗa kamar ƙwallo ta daki ƙasa. In haka ne akwai wata duniya da ta tsuke kafin tamu ta buɗe.

Da gaske akwai wasu duniyoyin bayan tamu?

Wasu nau'o'in lissafin kumburi suna haifar da haka, kumburin ya tsaya a nan ya ci gaba a can. Ba a ga ko ɗaya ba, kuma masana da yawa na ganin in abu ba zai taɓa aunuwa ba to da wuya a kira shi kimiyya.

Injin nan na Turai da ake cewa yana maimaita Big Bang fa?

Na CERN kenan, cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyi ta Turai, ramin da'ira mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Siwizalan. Yana gwara ƙwayoyi ne ya samar da ɗan ɗigon zafi irin na guntun daƙiƙar farko, a can aka gano ƙwayar Higgs, mai alaƙa da yadda ƙwayoyi ke samun nauyi, a 2012. Amma ƙarfinsa bai ko kusa da na lokacin Planck ba, tazarar ta kusa sau tiriliyan dubu. Ba ya ƙirƙirar duniya kuma ba zai haɗiye tamu ba, ƙwayoyin da ke faɗowa daga sama suna dukan iskarmu da ƙarfin da ya fi nasa tun kafin a yi mutum.

Malam, wannan karatun ba zai taɓa imanin mutum ba?

Ita ce tambayar da ake yi min a hankali bayan kowa ya watse, kuma ina ɗaukarta da muhimmanci. Abin da zan ce shi ne fiziks yana bin sawun yadda abu ya gudana ne, wannan hali ya haifar da wancan a bisa wannan doka. Me ya sa akwai dokar tun farko, me ya sa akwai wani abu maimakon babu, wannan ma'auni ba ya kai wa can. Gardamar ko duniya tana da farko ma ba yau aka fara ta ba, al-Kindi ya kafa hujja cewa tana da farko, Imam al-Ghazali ya yi wa masu falsafa raddi a kan haka, Ibn Rushd ya mayar masa da amsa, duk ƙarnoni kafin a ƙera madubin hangen nesa.

Shi Lemaître limamin coci ne, amma da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna kamar kimiyya ta tabbatar da halitta, bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su haka. Ina ganin yana da hujja, kuma ta shafe mu mu ma. In ka ɗaure imaninka a jikin wata nazariyya, ran da aka gyara ta fa? Haka shi ma wanda ke ɗaga lissafin Vilenkin yana cewa ya kore Mahalicci, ya ɗora wa lissafin kayan da bai ɗauka ba. Tambayar aƙida a kai ta wajen malamanta, ni abin da na sani shi ne na ga masu salla biyar da ke wannan karatun kuma bai rage musu komai ba.

Ina so in karanci wannan fannin, ta ina zan fara?

Da lissafi, babu wata hanyar. Ka riƙe kalkulas da aljabra da kyau tun daga sakandare, ka yi digiri a fiziks ko lissafi, kwantum da nazariyyar Einstein sai a shekarun ƙarshe ko a digiri na biyu za ka haɗu da su da gaske. Ka koyi rubuta manhajar kwamfuta, musamman Python, domin bayanan Planck da WMAP a buɗe suke kyauta a intanet, mai laftof da data zai iya sauke taswirar tsohon hasken ya yi aiki a kanta daga ɗakinsa. Neil Turok ɗin da na ambata ɗan Afirka ta Kudu ne, shi ya kafa cibiyar AIMS a Cape Town a 2003 don horar da matasan Afirka a ilimin lissafi, yanzu tana da rassa a Ghana da Kamaru da Senegal da Ruwanda, kuma waɗanda aka ɗauka a babban shirinta na digiri na biyu ana ɗaukar nauyinsu. Akwai kuma cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya da Abdus Salam ya kafa a 1964 musamman don masana daga ƙasashe masu tasowa, tana da shirin difloma na shekara ɗaya da ya haɗa da wannan fannin. Duka biyun ta intanet ake cike takardar nema, kuma sukan duba sakamakon digiri da wasiƙun malamai, don haka ka saba da malamanka tun kana aji biyu.